Allon Hotuna Ba Ya Ɗaure Harshe: Gaskiya da Ƙarya Kan Masu Matsalar Magana

A Yalwawa da sauran unguwannin Dutse, da wuya a rasa gidan da ke da yaron da bakinsa ya ƙi buɗewa, ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Shawarwari kuwa ba sa yankewa, daga maƙwabta har zuwa WhatsApp. Ga abin da ya tabbata a cikinsu da wanda bai tabbata ba.

"Idan aka saba wa yaro da nuni ko allon hotuna, ba zai yi magana ba." Wannan ƙarya ce, kuma ta fi sauran cutarwa. A 2006 masana uku a Amurka, Millar da Light da Schlosser, sun bi diddigin binciken da aka yi kan masu amfani da irin waɗannan dabaru. Cikin mutanen da suka tantance, babu wanda maganarsa ta ja baya, yawancinsu ma ƙaruwa ta yi. Yaron da ya nuna hoton kofi, uwarsa ta ce "ruwa kake so?" ta miƙo masa, ya ji kalmar kuma ya ga amfaninta. Haka yawancin jarirai ke farawa: nuni tukuna, sannan lafazi.

"Wanda ba ya magana hankalinsa bai cika ba." Ita ma ƙarya ce. Stephen Hawking, masanin kimiyya na Ingila, ya rasa muryarsa a 1985 bayan an yi masa aiki a maƙogwaro. Da na'urar kwamfuta mai furta rubutu ya ci gaba da koyarwa da wallafa littattafai har rasuwarsa a 2018. Malaman fiƙihu ma sun amince da isharar bebe a ciniki da aure matuƙar ana fahimtarta.

"Maganar hannu kwaikwayo ce kawai." Ba haka ba ne. Harshe ne mai ƙa'idojinsa. Constanze Schmaling, Bajamushiya, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi kan maganar hannu ta Hausa a 2000. Maganar hannun ta Hausa kuma ta sha bamban da wadda ake koyarwa a yawancin makarantun kurame, mai tushe a Amurka, wadda wani mai suna Andrew Foster ya kawo Ibadan a 1960. Mu masu baki ma ba da baki kaɗai muke zance ba. Da hannu muke tsayar da ɗan acaɓa, da kai muke cewa a'a, kuma a hayaniyar kasuwar Shuwarin yatsu kan faɗi farashi kafin murya ta isa.

"Yanke beli yana buɗe baki." Babu wata hujjar likitanci a kan haka, sai haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta. Abin da ya tabbata shi ne sanƙarau yana iya kurmantar da yaro, wanda bai ji ba kuwa magana kan yi masa wuya. Gwajin ji a asibiti shi ne matakin farko.

"Na'urorin magana sai mai hali." A nan akwai gaskiya. Suna da tsada, yawancinsu Turanci suke furtawa, kuma sun fi baki jinkiri. Amma kwali da hotuna shida sun isa a fara: ruwa, tuwo, banɗaki, ciwo, barci, alwala. Dattijon da har karatu ya kuɓuce masa bayan shanyewar jiki zai iya ɗora yatsa a kan hoto.

Iyaye da 'yan uwa, kada ku zauna jiran ranar da baki zai buɗe. Ku kai yaro a duba kunnensa, ku haɗa allon tun yau, kuma idan ya fara nuni ku yi haƙuri ya gama kafin ku amsa.