Maganar "Babu" a Ɗakin Gwajin Cutar Daji

Ba kowace mutuwa ce asara ba a jikin ɗan Adam. Kullum ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa kan kashe kansu bisa tsari domin sababbi su maye gurbinsu, kuma a cikin mitokondiriya, wato ɗan injin da ke samar wa ƙwayar makamashi, ake yanke wannan hukunci. A jikin bangonsa akwai wani furotin mai suna Bcl-2 wanda aikinsa hana wannan mutuwa. Idan ya yi yawa, ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta ƙi, daga nan kuwa cutar daji ta samu ƙofa.

Ido ba ya ganin furotin, ko da madubin likita. Dabarar gano shi ta samo tushe ne daga aikin Köhler da Milstein a Kambirij ta Ingila a 1975, waɗanda suka gano yadda za a samar da sojan garkuwar jiki iri ɗaya tak, wato antibodi, mai kama abu guda. Ana ɗiga shi a kan yankin tsokar da aka ciro daga majiyyaci. Duk inda Bcl-2 yake sai wurin ya rine ya koma ruwan ƙasa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta shafe mu shi ne sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Takan kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, musamman a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Galibi ƙwayoyinta ba su ɗauke da Bcl-2, alhali wasu sankarorin kaluluwa masu kama da ita sukan ɗauke shi. Magungunan kuma sun bambanta, ga ta da saurin girma, ba ta jiran kowa.

To, a nan gizo ke saƙar. Antibodi yana son sanyin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda zafi ya lalata a hanya, ko a daren da aka ɗauke wuta, ba ya canja kama. Shiru kawai zai yi, ya ƙi rina komai. Likita ya duba ya ga babu launi, ya rubuta "babu". Wannan "babu" ta ƙarya da ta gaskiya ba su da maraba a ido.

Maganin abin sananne ne: a haɗa gwajin da wata tsokar da aka tabbata tana da furotin ɗin, kamar ta ƙululun maƙogwaro. In ita ma ba ta rinu ba, laifin na kwalba ne. Sai dai hakan na cin ƙarin kuɗi da ɗigo daga kwalba mai tsada da ake shigowa da ita da dala, shi ya sa nake fargabar shi za a fara tsallakewa idan aljihu ya yi zafi. A ganina, duk asibitin koyarwa da ke wannan gwaji ya kamata ya riƙa rubuta a takardar sakamako cewa an yi gwajin tabbatarwa, kuma hukumomin lafiya su ɗauki wutar firijin ɗakin gwaji da muhimmancin da suke ba ta allurar rigakafi.