Wanda Ya Bar Gona Ya Zo Kurmi, Sai Ya Yanka Wa Ƙafarsa Aikin Shekara

Duk ɗan Arewan da ya taɓa shiga mota daga Kano ko Kaduna zuwa Anacha, ko Benin, ko Ikko ta hanyar Lakwaja, ya san Gwagwalada, ko da ta tagar mota ce. Amma kaɗan ne suka san Paikon Kore, wani garin manoma da makiyaya da ke cikin wannan ƙaramar hukuma, a Yankin Babban Birnin Tarayya. Sunan garin bai fita a fagen tsere ba. Duk da haka akwai abin da mazauna Kudu za su koya daga gare shi, musamman a wannan lokaci da shekara ke ƙarewa, kowa ya duƙufa lissafi.

Lissafin baƙo a ƙarshen shekara sananne ne: nawa jari ya ƙaru, nawa za a aika gida, yaushe za a rufe ɗakin da aka fara, ko adashin baɗi zai kai ga kujerar Makka. Ba kasafai ake sa jiki a cikin wannan lissafi ba, alhali kuwa shi ne jarin da mutum ya zo da shi tun daga gida, kuma ran da ya karye, sauran duka sun tsaya.

INDA AIKI KE MOTSA JIKI

A Paikon Kore ne ɗaya daga cikin gandayen kiwo huɗu na Yankin Babban Birnin Tarayya yake. Sauran su ne na Karshi da Kawu da Rubochi. Makiyayi yakan fita da shanunsa da hantsi, ba ya komowa sai rana ta yi sanyi, kuma a ƙafa yake yinin nan duka. Manomin doya kuwa, tulin ƙasa yake tayarwa da fartanya, ɗaya bayan ɗaya, har ya gama gona. Matan Gwari, waɗanda aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka, sukan ɗauko itace ko doya daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. Babu wanda ke kiran wannan da sunan motsa jiki. Neman abinci ne, amma jiki yana samun rabonsa a ciki.

A shekarar 1976 aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, a 1991 kuma gwamnati ta taso daga Ikko ta koma Abuja. Tun daga nan birni yake ta matsowa ƙauyuka. A 2024 aka soma aikin hanyar da ta tashi daga Paikon Kore zuwa Ibwa, mai tsawon kilomita 9. Wannan abin murna ne ga mai kai amfanin gona kasuwa da mai kai majinyaci asibiti. Sai dai duk inda kwalta ta shiga, babur yakan bi ta, tafiyar da ake yi a ƙafa ta koma ta 'yan mintoci a bayan ɗan acaɓa.

Abin da ke samun ƙauye sannu a hankali, shi ke samun ɗan ci-rani a rana guda, watau ran da ya sauka daga mota a Kurmi.

ZAMAN KURMI

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai tura kurar ruwa, da mai yawon gyaran takalmi, jikinsu na aiki fiye da kima. Abin da suka fi bukata shi ne hutu da abinci mai kyau da awon jini loto-loto.

Maganar ta fi shafar waɗanda sana'arsu ta zaunar da su: mai gadi a bakin ƙofa, mai kanti, ɗan canji, dillalin goro a Shagamu, mai sayar da yadi a Sabon Badun, da direban babbar mota da ke kwana da kwanaki a layin Apapa. Yawancinsu sun taso da noma da kiwo da langa da kokawa. Yanzu kuwa daga tabarma sai benci, daga benci sai babur. Cimar ma ta sake: shayi mai sukari da burodi da safe, lemon kwalba da rana, tuwo mai nauyi da dare gab da barci. Bayan 'yan shekaru tumbi ya fito, 'yan'uwa su ce kuɗi sun zauna.

Likitoci ba haka suke kallonsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum ɗaya cikin uku na manya a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Cuta ce da ba ta sallama. Sau da yawa ba a gane ta sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda. Rashin motsi da ƙiba suna daga cikin abubuwan da ke buɗe mata ƙofa, ita da ciwon sukari. Ga baƙo kuwa asarar biyu ce, domin in ya kwanta kasuwa ta tsaya, iyalin da ke jiran saƙo a gida su ma sun shiga wani hali.

ADADIN DA AKA YANKA

A 2020 hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, kamar gudu. Har ila yau ta ce a riƙa yin abin da zai ƙarfafa damatsa da cinyoyi da baya sau biyu a mako.

In aka raba minti 150 a kwana biyar, rabin awa ke nan kowace rana. Mai tafiya da hanzari yakan ci wajen kilomita biyu da rabi a wannan lokaci. Wanda ba shi da abin awon nisa, cikakken filin ƙwallo ya ishe shi ma'auni: zagaye uku kimanin kilomita ɗaya ne. Alamar tafiya ta kai yadda ake so ita ce numfashi ya ɗan hau, gumi ya tsatso, amma mutum yana iya magana da na kusa da shi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen ƙulla niyya. Wanda ya ce "bana zan riƙa motsa jiki" bai ce komai ba, domin babu ranar da za a ce ya saɓa. Wanda ya ce "Litinin da Laraba da Asabar, bayan sallar asuba, zagaye shida a filin makaranta" ya ɗaure kansa da igiyar da zai iya gani. Ɗan kasuwa ba ya ba da bashi sai ya rubuta. Haka nan ya kamata ya ware shafi a littafinsa, duk ran da ya fita ya ja layi.

A RABA SHEKARA HUƊU

Kafin komai sai awo. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda ciwon sukari ko hawan jini ke cikin danginsa, ya je asibiti a auna shi. In awon jini yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, sai ya bi shawarar likita kafin ya fara. Mai jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi a kan tafiya, ya tsaya nan take ya nemi likita.

Wata ukun farko na tafiya ne kawai. A fara da minti goma sha biyar, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa, kwana biyar a mako. Gwiwa da agara sun fi zuciya jinkirin sabawa, shi ya sa mai gaggawa ke ƙarewa da ɗingishi tun a makon farko.

Wata uku na biyu a shigo da sassarfa. Hukumar kiwon lafiya ta Ingila tana da wani tsari na mako 9 domin wanda bai taɓa gudu ba. Sau uku ake fita a mako, da hutun kwana guda a tsakani. A makon farko gudun minti ɗaya ne, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti ashirin. Kowane mako gudu na ƙaruwa, tafiya na raguwa, har a mako na tara mutum ya yi rabin awa bai tsaya ba. Wanda mako ya yi wa nauyi, sai ya maimaita shi, babu wanda ke binsa bashi.

Wata uku na uku sun faɗo cikin damina, lokacin da niyyoyi da yawa ke mutuwa. Aikin wannan zango shi ne riƙe abin da aka samu. Ran da ruwa ya hana fita, ana iya hawa da sauka a matakalar bene, ko tsallen igiya a baranda, ko tsuguno da miƙewa sau ashirin ashirin.

Zango na ƙarshe shi ne na cika alkawari. Ma'aunin da ya dace da mai farawa shi ne tsawon hanyar nan ta Paikon Kore zuwa Ibwa, watau kilomita 9, ko zagaye 27 na filin ƙwallo. Mai tafiya zai ci ta cikin abin da bai kai awa biyu ba, mai sassarfa kuwa wajen awa guda. Dattijo ya yi ta a tafe, saurayi ya yi ta a guje, kowa ya cika nasa.

Watan azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, saboda haka sai a duba inda ya faɗo tun da wuri. A rage nauyi a cikinsa, a koma tafiya a hankali bayan an sha ruwa, amma kada a ajiye gaba ɗaya, domin wanda ya ajiye wata guda da ƙyar yake komawa.

ZAFI DA ƘURA DA IDON JAMA'A

A ƙasar Gwagwalada zafin watan Maris da Afrilu yakan kusanci digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke tayar wa masu asma da ciwo. A Ikko da Fatakwal matsalar ta bambanta: iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya saurin hucewa. A ko'ina dai sanyin safiya ko na yamma ya fi, a sha ruwa kafin fita da bayan an komo. Takalmin kambas na gwanjo ya wadatar, muddin bai matse yatsu ba. Silifas kuwa ba na gudu ba ne.

Akwai kuma abin da baƙo ya sani ba sai an gaya masa ba. Mutum shi kaɗai yana gudu da duku-duku a unguwar da ba a san shi ba, yana iya jawo wa kansa ihun ɓarawo. Maganin wannan shi ne a fita mutum uku ko huɗu, cikin kayan wasa, a fili sananne, bayan gari ya waye, kuma masu gadin unguwa su san da zancen. Fita tare tana da wani amfanin: ran da lalaci ya kama ɗaya, sauran za su buga masa ƙofa. Mata ma ba a bar su a baya ba. Tafiya da hanzari zuwa Islamiyya ko kasuwa tare da maƙwabta, ko zagaye a tsakar gida, duk suna shiga lissafin minti 150.

GA MASU SHA'AWAR GASA

'Yan Arewa ba baƙi ba ne a gudun yada-ƙanin-wani. Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Nijeriya a wannan tsere a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988, kuma a 1990 Abbas ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da minti 16 a Ikko. A 2016 aka soma babban tseren birnin Ikko, wanda ake yi a watan Fabrairu. 'Yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe shi, amma a tsakanin 'yan gida, 'yan Jihar Filato irin su Iliya Pam da Emmanuel Gyang da Deborah Pam sun sha zuwa na ɗaya. Tsaunukan Jos da Pankshin, inda iska ba ta da kauri, su ne suka horar da huhunsu. A Okpekpe ta Jihar Edo kuma an soma tseren kilomita 10 tun 2013.

Wanda ya cika kilomita 9 a ƙarshen shekara, kilomita ɗaya ce tsakaninsa da irin tseren Okpekpe. Kilomita 42 kuwa ba aikin shekarar farko ba ne. Ana yawan ba da labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, amma akan manta cewa soja ne da ya daɗe yana shan horo kafin duniya ta ji sunansa.

Galibin masu karatu ba kambi suke nema ba. Bukatarsu ita ce ran da aka tashi komawa gida, mutum ya sauka daga mota da ƙafarsa, ya iya zagaya gonar mahaifinsa ba tare da ya nemi inuwa sau uku ba. Makiyayin Paikon Kore sana'arsa ce ke biya masa wannan. Mazaunin benci a Kurmi kuwa sai ya biya da kansa, rabin awa kowace safiya. Allah ya ba da lafiya, ya kai kowa baɗi da ƙarfinsa.