Kallon Tsuntsaye a Kwalekwale a Fadamun Haɗeja

Gabas da garin Haɗeja, Kogin Haɗeja yana rarrabuwa zuwa rassa, ya bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, ya gauraya da ruwan Kogin Jama'are kafin su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Wannan malala ce ta haifar da fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda Jigawa da Yobe suka raba tsakaninsu. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma kuma ta shiga a 2008.

Lokaci shi ne kan gaba ga mai son kallo. Ruwa yana kai ƙarshen cikarsa wajen Agusta da Satumba, sannan ya fara janyewa, ya bar tafkuna da taɓo cike da ƙananan kifaye da ƙwari. Daidai nan ne agwagin ruwa da tsuntsayen gaɓa ke isowa daga Turai da yammacin Asiya, bayan sun ƙetare Sahara suna gudun tsananin sanyin can. Sukan zauna har wajen Maris. Saboda haka watannin hunturu sun fi kowane lokaci, ko da yake hazo yakan rage nisan gani.

Ana fita ne bayan sallar asuba, domin da rana ta ɗaga tsuntsaye sukan lafe. Kwalekwale ya fi jirgi mai inji nesa ba kusa ba, tunda ƙarar inji tana tayar da garke tun daga nesa. A wurare marasa zurfi matuƙi yana tokara sanda a ƙasa ya tura, sai ruwa ya yi zurfi ya koma ga filafili. Galibin matuƙan masunta ne, kuma sun san inda dinya ke kwana da mashigin da ya toshe bana.

Abin da ido ke fara cin karo da shi ’yan gida ne. Zalɓe yakan tsaya cik a ruwa iya gwiwa yana dakon kifi, balbela tana bin shanun Fulani a bakin gaɓa, shirwa na shawagi kan masu jan koma. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne taka-a-baɗo: yatsunsa dogaye ne ƙwarai, suna rarraba nauyinsa a kan ganyen baɗo, har ya yi tafiyarsa ganyen bai nutse ba. Baƙin kuwa a garke suke zuwa, dubbai a tafki guda, musamman a Dagona da ke Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 300 a yankin baki ɗaya.

Da tsakar rana akan fake a inuwar goruba, a jira la'asar, lokacin da garkuna ke komawa makwanci.

Hanyar kwalekwale ta yau ba ita ce ta da ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar damina, suka kuma sa ruwa yana gudana har da rani a wasu rassan. Ciyawar kachala ta samu abin da take so, ta rufe mashigai da gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. A wasu wuraren sai mutanen ƙauyuka sun yi gayya sun sare ta kafin jirgi ya iya wucewa, kuma mai zuwa kallo yana bin hanyar da suka buɗe ne.