Asalin Kalmar Kotu

Kalmomi kamar fatake su ke, su kan tashi daga wata ƙasa su sauka a wata. Kalmar nan "kotu" Hausawa sun aro ta ne daga Ingilishi, inda a ke rubuta ta court. Amma mutanen Ingila su ma aro suka yi daga Faransanci.

Ga yadda aka yi. A cikin shekarar 1066, Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ƙetare teku da mayaƙansa, ya ci Ingila da yaƙi, ya zama sarki. Shi da manyansa Faransanci su ke ji. Saboda haka Faransanci ya zama harshen fada, daga baya kuma ya zama harshen shari'a. Sai a shekarar 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin nan kuwa kalmar ta riga ta zauna daram a bakin mutane.

Tun asali ma'anarta fili ne wanda aka kewaye da bango, watau kamar tsakar gida. Da ya ke a irin wannan fili na gidan sarki a ke taruwa, sai aka riƙa kiran fada da wannan suna, har da fadawan da ke cikinta. A fada kuma sarki ya kan zauna ya saurari ƙara, ya yanke hukunci. Ta haka wurin shari'a ya sami sunan. Filin da aka shata don wasan tanis shi ma court a ke ce masa. In kuwa aka ce saurayi yana yi wa yarinya court, to, neman aurenta ya ke yi.

Cikin ma'anonin nan duka, ɗaya kaɗai Hausa ta ɗauka, watau ta wurin shari'a, domin tana da nata kalmomin na fada da tsakar gida. Nan ne ɗalibi ya kan yi tuntuɓe. Ya karanta cewa wani baƙo ya tafi court na sarki, sai ya zaci an kai shi ƙara, alhali kuwa gaisuwa ya je yi a fada. Ɗalibi mai hankali ba ya gaggawar fassara. Ya kan duba kalmomin da ke gaba da baya tukuna, su ne za su nuna masa ma'anar da a ke nufi.