Yadda Ake Sa wa Ƙaramar Kyamarar Fim Filta

A gidaje da dama a garin nan akwai ƙananan kyamarori masu cin fim, waɗanda iyaye suka adana tun kafin wayar hannu ta karɓe aikin ɗaukar hoto, kuma wasunsu har gobe suna aiki. Muna nufin irin masu saita nisa da kansu: ka nuna, ka danna, shi ke nan. Ta farko irinsu da ta shiga kasuwa ita ce Konica C35 AF, ƙirar Japan, a 1977. Yau za mu duba yadda ake sa musu filta. Abin yana son kula, domin hoto 24 ko 36 kawai naɗin fim yake ɗauka, ba a ganin sakamako sai an wanke, kuma ranar hawan sallah ko bikin yaye ɗalibai ba ta dawowa.

Mene ne filta?

Gilashi ne zagayayye da ake murɗawa a gaban madubin kyamara kamar murfin kwalba. Yadda mataci yake tace gasara, haka yake tace haske: ya bar wani ya wuce, ya tare wani. Iri uku aka fi amfani da su.

Na farko shi ne fari garau, mai alamar UV. Kusan ba ya rage haske, kuma a wajenmu babban amfaninsa shi ne kare madubi daga ƙurar hunturu. Gara filta ya karce da madubi ya karce. Amma kada a yaudare mu, ba ya goge hazo daga hoto. Ƙura ce a cikin iska, gilashi ba ya share ta.

Na biyu su ne masu launi: rawaya, ruwan lemo da ja. Na fim baƙi da fari ne. Suna tare shuɗin haske, sai sama ta yi duhu, farin gajimare ya fito fes. In aka sa su a fim mai kala, hoton duka zai rine.

Na uku shi ne mai kashe ƙyalli, mai alamar PL. Yana rage walƙiyar ruwa da ta ganye, yana ƙara wa sama shuɗi, musamman idan rana tana gefenka, ba gabanka ko bayanka ba.

Inda ake yin kuskure

Ƙaramar kyamara ba ido ɗaya gare ta ba. Akwai madubin da haske ke bi ya isa fim, akwai tagar leƙe, akwai ƙananan tagogin auna nisa, akwai kuma ɗan idon auna haske. Filta madubi yake rufewa. Saboda haka saitin nisa ba ya canzawa, kuma ta tagar leƙe ba za ka ga aikin filta ba ko kaɗan.

Babbar tambaya ita ce: ina idon auna haske yake? A Nikon L35AF ta 1983, wadda bakinta ke ɗaukar filta mai faɗin milimita 46, idon yana cikin zoben da ake murɗa filta. Filta na rufe shi tare da madubi, sai kyamara ta gane haske ya ragu, ta gyara da kanta. Idan kuwa idon yana wajen zoben, kyamara ba ta san an sa komai ba. Za ta ba fim haske ƙasa da bukatarsa, hotuna su fito da duhu.

Maganin yana wurin lambar ASA ko ISO, wato lambar da ke nuna yawan hasken da fim yake bukata. A ƙa'ida filta rawaya yana cinye rabin haske, ruwan lemo yakan bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ja kuma ɗaya cikin takwas. Ga lissafin: idan fim ɗinka 400 ne, juya lambar kyamara zuwa 200 don rawaya, 100 don ruwan lemo, 50 don ja. Da ka cire filta, mayar da ita 400.

Wasu kyamarorin ba su da wurin juya lamba, domin suna karanta ta daga jikin gwangwanin fim ta tsarin DX da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1983. Wasu, kamar Olympus mju II, ba su ma da bakin murɗa filta. Irin waɗannan a bar su yadda suke.

Shi kuwa PL, sai ka fara riƙe shi a idonka, ka juya a hankali har ƙyalli ya ɓace, ka lura da alamar da ta zo sama, sannan ka ɗaura shi ka mayar da alamar daidai wurin.

Ina za mu gwada?

Gandun Dajin Kamuku da ke ƙasarmu, wanda aka keɓe a 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999, yana da wuraren da filta zai nuna aikinsa: ruwan da ke zuba a Dogon Ruwa na son PL, dutsen Goron Dutse ƙarƙashin gajimaren damina na son rawaya. Sai dai kowa ya san halin tsaro a dajinmu. Kada ɗalibi ya doshi can sai da izinin iyaye da na hukuma, da rakiyar jami'an gandun. Babu hoton da ya kai rai. Filin makaranta, bishiyar mangwaro da sararin sama bayan ruwa sun ishe mu koyo.

Kafin ka danna, hure ƙurar gilashi kafin ka goge shi, cire filta mai launi da dare ko in za ka haska filasha, kuma rubuta filtar da ka sa wa kowane hoto, don ka gane darasin bayan wanki. Wanda ke da irin wannan kyamara a gida, ya nemi izini ya kawo ta taron kulob mu nemo idon auna haskenta tare. Sai fitowa ta gaba.