Aikin Faransawa a damtsen jariran Gwarzo da Kabo

In aka ambaci Faransa a majalisar shayi a Gwarzo, hira ba ta wuce ƙwallon ƙafa, ko turaren Faris, ko Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, wadda ta daɗe tana jigilar mutane tsakanin Kano da Kabo da Gwarzo. Wanda ya taɓa zuwa Maraɗi kuma zai kawo zancen dogon burodin Faransawa mai ɓawo, wanda ba a sa masa komai sai fulawa da ruwa da gishiri da yis, ga shi har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2022. Dattawan Ƙonni ma suna da nasu labarin mai ɗaci, na ɓarnar da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta yi musu a 1899.

Amma a ganina aikin Faransawa da ya fi kusa da mu yana jikinmu. A duba damtsen hagu na yaron da aka kai asibiti bayan haihuwa, za a ga ɗan tabo zagayayye. Tabon allurar BCG ne, rigakafin tarin fuka, kuma haruffa biyu na ƙarshe sunayen waɗanda suka samar da ita ne: Albert Calmette, likitan mutane, da Camille Guérin, likitan dabbobi.

A cibiyar Pasteur ta birnin Lille suka fara aikin a 1908. Sun ɗauki ƙwayar tarin fuka irin ta shanu, suka riƙa renonta a kan yankakken dankalin Turawa da aka dafa da ruwan matsarmamar sa da gilisirin. Duk bayan kimanin mako uku sai su ɗebi kaɗan su mayar kan sabon dankali. Haka suka yi har sau 230, shekara 13 cur. Yaƙin Duniya na Farko ya zo, Jamusawa suka mamaye Lille, dankali ya yi tsada, ba su daina ba. A hankali ƙwayar ta rasa kaifinta. Tana nan da rai, amma ba ta iya kwantar da mutum, sai dai ta koya wa jiki gane abokin gaba tun kafin ya iso. A 1921 aka fara bai wa wani jariri a Faris, wanda tarin ya kashe mahaifiyarsa jim kaɗan bayan ta haife shi. Ta baki aka ba shi, allura daga baya ta zo.

Wannan haƙurin ne yake burge ni fiye da hasumiyar Eiffel.

Yau ma'aikaciyar lafiya a Kabo ɗigo kaɗan take sakawa cikin fatar jariri. Bayan 'yan makonni wurin zai kumbura ya yi ɗan ƙurji, wani lokaci har ya fashe, sannan ya bushe ya bar tabo. A nan hankalin uwa kan tashi, kaka ta ce a shafa man zafi ko a gasa da ruwan ɗumi. Don Allah a ƙyale shi, kada a matsa, kada a shafa komai, da kansa yake warkewa.

Sai dai allurar ba ta yi alkawarin komai da komai ba. Ƙarfinta yana wajen kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, irin wanda yake hawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau da wanda yake bazuwa a jiki duka. Babba kuwa yana iya kamuwa da tarin huhu ko da yana da tabon. Shi ya sa duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, musamman da rama da gumin dare, ya kamata ya je a gwada majinarsa. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma wata shida ake shan maganin ba fashi, ko da tarin ya lafa tun a watan farko.