Kare a Gida: Hukuncin Fitsarinsa da Yadda Ake Hana Shi Ɓata Wurin Salla

 

'Yan uwa, a zaman karatunmu na tsakanin Magariba da Lisha wani bawan Allah mai kasuwanci a Adjamé ya kawo tambaya. Sau biyu ɓarayi suna fasa masa ɗakin ajiyar kaya, sai ya samo ɗan kwikwiyo don ya girma ya yi gadi. To, gadi bai fara ba tukuna, rigima ta riga shi. Kwikwiyon ya mayar da baranda makewayi, har ya jiƙa dardumar da mahaifiyar mutumin take salla a kai. Tsohuwa ta ce a zaɓa, ko ita ko kare. Maƙwabta kuma sun daina shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yana son ya san abu uku: matsayin sallolin da aka yi a kan dardumar, yadda ake tsarkake wurin, da yadda zai hana karen sakewa.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Yawancinmu a Adjamé da Treichville gidan haya muke zaune, ƙofa 10 ko fiye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kare ko ba naka ba ne, zarninsa zai iso ƙofarka. Don haka muka ga ya dace a rubuta amsar kowa ya amfana.

Ajiye karen tukuna

Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake ciki. A kan haka Risala ta hana ajiye kare a gidajen birni. Amma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan buƙata ta tabbata. Shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, masu sharhi sun ruwaito cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye.

Saboda haka, karen gadi na da mafita, karen ado da wasa ba shi da ita. Kuma ko na gadin, wurinsa bakin ƙofa ne. Ku duba Suratul Kahfi, aya ta 18: karen samarin nan a bakin kogo ya kwanta. Rabin matsalar ɗan uwanmu ta warware daga nan, domin karen da ba ya shiga ɗaki ba zai yi fitsari a ɗaki ba.

Jiki daban, fitsari daban

A nan ɗalibai suka fi rikicewa. A mazhabar Malik, duk mai rai tsarkakke ne a zatinsa, har kare: gashinsa da guminsa da yawunsa ba najasa ba ne. Daga hujjojinsu akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da karen farauta ya kamo, alhali da baki yake kamowa. Wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a ruwan cikinta, a wurinsu bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin najasa ce mai nauyi, a wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Idan ka ga wani ɗan uwa yana yin haka, kada ka yi masa dariya, da hujjarsa.

Fitsarin kare da kashinsa kuwa najasa ne a dukkan mazhabobi huɗu. Kada wani ya ji an ce kare ba najasa ba ne ya ɗauka har da fitsarinsa.

To, ina matsayin sallar tsohuwa? Ahalari ya bayyana ƙa'idar. Wanda ya yi salla da najasa bisa mantuwa, bai tuna ba sai bayan sallama, zai sake ta ne idan lokacinta bai fita ba. Wanda bai sani ba sam haka hukuncinsa yake. Idan lokaci ya wuce, babu ramuwa. Wanda ya tuna yana cikin salla sai ya yanke, in dai ba ya tsoron fitar lokaci. Wanda ya sani sarai, yana da ikon wankewa, ya ƙi, shi ne sallarsa ke cikin hatsari. Don haka a kwantar wa Hajiya da hankali: sallolinta na baya sun yi.

Yadda ake tsarkakewa

Asalin wannan babi shi ne labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina. Sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) ya hana su, ya bari ya gama, sannan ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin. Ruwa ne mai tsarkakewa, kuma a wurin Malikiyya sai ruwa mutlaƙi, wato wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza da wani abu ba. Ruwan omo da ruwan javel suna kashe wari da ƙwayoyin cuta, amma ba sa ɗauke hukuncin najasa. Bushewa da rana ma ba ta wadatar a mazhabarmu, ko da yake Hanafiyya sun yarda da ita ga ƙasa.

Ga yadda za a yi. A kan siminti ko tayil, a fara tsane fitsarin da tsumma don kada ya bazu. A zuba ruwa a kora shi kwata. A wanke da sabulu, sannan a ƙarasa da ruwa zalla. Wannan na ƙarshen shi ne tsarkin. Idan ƙasa ce, a kwarara ruwa mai yawa har ya rinjayi fitsarin. Darduma ko tufa, idan an san wurin, shi kaɗai za a wanke har ruwan ya fita fes. Idan wurin ya ɓace, a wanke duka. Idan shakka kake ko fitsarin ya taɓa rigarka, yayyafa mata ruwa ya isa. Babu ƙidayar 7 a nan.

Gargaɗi biyu. Kada a zuba javel kai tsaye a kan fitsari cikin rufaffen ɗaki, kuma kada a taɓa haɗa shi da binega, domin haɗin yana tayar da iska mai cutar da huhu. Na biyu, kada a buɗe wa waswasi ƙofa. A damina, daga Mayu zuwa Yuli, titunanmu caɓi ne ko'ina. Malamai sun ce an yafe taɓon ruwan sama da ya fantsama wa mai tafiya, matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba, kuma ainihinta bai same shi ba.

Koyar da shi

Yanzu sai tushen abin. Kwikwiyo ba mugunta yake yi ba, mararsa ce ba ta yi ƙwari ba. Masu horar da karnuka suna ƙiyasin cewa yana iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata da ya yi a duniya: ɗan wata 3, awa 3. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na farko, a zaɓa masa wuri guda kusa da magudanar ruwa, nesa da famfo da wurin alwala da inda mata ke girki. Kullum can za a kai shi, kada a canza.

Na biyu, lokaci. Ya fi jin fitsari idan ya tashi daga barci, bayan ya ci ko ya sha, da bayan wasa. Mu kam Allah ya ba mu agogo: a fitar da shi kafin a tafi sallar Asuba, da hantsi, da kowane lokacin salla, da kafin a kwanta. Ƙarami sosai yana buƙatar ƙari a tsakani. Wanda zai yi wannan aiki ya sa takalmi na daban. Idan ka ga yana shinshina ƙasa yana kewayawa, yi maza ka kai shi.

Na uku, sakamako nan take. Yana gamawa a wurin da ya dace, a yaba masa, a ba shi ɗan abin da yake so. Kare yana haɗa ladan da abin da ya yi a wannan daƙiƙar ne, ba da abin da ya yi ɗazu ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa duka ba ya aiki. Ka dawo daga kasuwa ka tarar da fitsarin safe, ka ɗauki sanda ko ka goga masa hanci a ciki: abin da ya koya shi ne tsoronka. Gobe zai ɓuya bayan buhu ya yi, wani ma don firgita yake saki. Ga kuma alhaki, domin an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare.

Na huɗu, a kashe zarnin tsohon wuri. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, inda ya ji warin kansa nan zai koma. A wanke sosai, a tare wurin da katako na ɗan lokaci.

Na biyar, a yi masa ɗan ɗaki mai inuwa a bakin ƙofa. Kare ba ya son ɓata makwancinsa. Amma kada a kulle shi wuni guda, kuma kada a hana shi ruwa wai don fitsari ya ragu. A zafin Abidjan wannan zalunci ne, alhali mun san an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Babban namiji mai ɗaga ƙafa yana ɗiga kaɗan-kaɗan a jikin bango ko buhu, alamar iyaka yake sawa. A nisanta shi daga kaya. Wanda ya riga ya koya kuma ya dawo yana yi, ko yana yunƙuri, ko akwai jini, rashin lafiya ce, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Haƙƙin maƙwabci

Tsakar gida ta kowa ce. Yara suna rarrafe a ciki, kuma fitsarin kare da na ɓera na iya ɗauke da cutar leptospirose, mai shiga ta rauni a fata idan an taka ruwan da ya kwanta. Mai kare shi ke da wankewa, ba matan gida ba. Shi ke da yi masa allurar rigakafin haukan kare. Idan ya ciji ko ya yakushi wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce cibiyar rigakafin haukan kare ta INHP da ke nan Treichville a ranar, ba sai gobe ba.

Shawararmu ga ɗan uwanmu ita ce ya nemi afuwar mahaifiyarsa, ya wanke mata dardumar da hannunsa, ya mayar da karen bakin ɗakin ajiyar da aka kawo shi dominsa, ya jure 'yan makonni yana koya masa. Idan ba shi da wuri ko lokaci, ya ba wanda ke da su, ya ƙara ƙwaɗo ko ya haɗa kuɗin mai gadi da abokan kasuwarsa. Kaya ana mayar da su, amma ɓacin ran uwa da cutar da maƙwabci bashi ne da ake biya ranar da babu sefa.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsarkake mana zukata da gidaje, ya karɓi sallolinmu.